TSOFAFFIN TASWIRORI DA TARIHIN FADAMUN ƘASARMU

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Nasarawan Doya da ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san cewa arzikin ƙasarmu kashi biyu ne, akwai na tudu, akwai na fadama. Tudu shi ke ba mu dawa da masara da gero, wato abin da za a sa a rumbu. Fadama kuwa ita ke ba mu rake da tumatir da albasa da barkono, wato abin da za a kai kasuwa a samu na sutura da na aure da na makaranta. Da yawa daga cikin 'ya'yan wannan ƙungiya da ke zaune yau a Kaduna da Kano da Abuja da Legas, idan aka bi diddigi, kuɗin rake ne ya kai su aji.

To, amma fadama ba ta da takardar haihuwa. Idan rafi ya cike da yashi, ko aka nome gaɓarsa, ko aka yi gini a kan hanyarsa, bayan shekara talatin babu mai iya rantsuwa a kan inda ya bi, sai dattijo ɗaya ko biyu. Shaidar da ta rage a rubuce ita ce tsofaffin taswirori. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin yadda aka zana ruwayen ƙasarmu a takarda, mu ga abin da taswirorin nan suka adana mana, da abin da suka bari a bakin dattawa, sa'an nan mu duba abin da ya kamata ƙungiya ta yi tun ana iya haɗa biyun.

Ina ruwanmu ke tafiya?

Ƙasar da ke tsakanin Zariya da Kano tudu ce mai faɗi, wadda a wurare da dama tsayinta daga teku ya haura ƙafa 2,000. Matafiyi a mota ba zai lura da komai ba, domin babu wani dutse da zai hau. Amma a kan wannan tudu ne ruwan sama ke rabuwa gida biyu, kuma yankinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan yana dab da marabar.

Ruwan da ya gangara kudu yakan bi ƙoramu ya faɗa Galma, Galma ta kai shi Kogin Kaduna, Kaduna ta kai shi Kwara a ƙasar Nufe. Daga nan ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya sauka har inda kogin ya rarrabu zuwa rassa masu yawa cikin dausayin bakin teku, a yankin Neja Dalta, kafin ya shiga Tekun Atlantika. Ruwan da ya gangara arewa kuwa yakan shiga Chalawa da Kogin Kano, waɗanda suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja. Shi wannan ba ya ganin teku ko kaɗan. Yakan bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya saura ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi.

Ke nan, girgije ɗaya na iya zubar da ruwa a ƙasarmu, rabi ya ƙare a cikin kwale-kwalen masuncin Bayelsa, rabi a gonar shinkafar mutumin Gashuwa. Wannan ilimi da yaro ɗan firamare ke iya nunawa da yatsa a yau, an daɗe ana wahala kafin a tabbatar da shi a takarda.

Taswirorin farko

Kakanninmu fatake sun san hanyoyin ruwa sani na haƙiƙa, domin rayuwar ayari ta dogara a kansu. Madugu ya san inda za a yada zango kusa da mashaya, ya san rafin da ba ya ƙetaruwa a watan Agusta. Sai dai a ka suke riƙe da wannan sani, suna gadar da shi baki da baki.

A shekarar 1824, wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Babban abin da ke damun Turawa a lokacin shi ne sanin inda Kwara ta ƙare. A fadar Sarkin Musulmi aka zana masa taswirar ƙasashen nan da kogunansu, aka rubuta sunayen da haruffan Larabci, kuma an buga ta a Landan a 1826 cikin littafin tafiyarsu. Ya kamata yaranmu su san wannan, cewa ɗaya daga cikin tsofaffin taswirorin ƙasar Hausa da duniya ta sani, daga hannun mutanenmu ta fito.

Clapperton ya sake dawowa a 1826 ta hanyar kudu, ya sauka Zariya da damina, ya bi hanyar fatake ta Bebeji zuwa Kano, yana rubuta rafuka da fadamun da suka wahalar da dabbobinsa. Ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Yaronsa Richard Lander da ƙaninsa John su ne suka bi Kwara a cikin kwale-kwale a 1830 har suka fita teku ta ɗaya daga cikin rassan Neja Dalta. Sai a ranar ne masu zanen taswira na Turai suka tabbatar cewa ƙoramun bakin tekun nan da jiragensu suka shekara ɗaruruwa suna ciniki a cikinsu, bakin Kwara ne.

Bayan su, Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya zana birnin. A zanen nasa Jakara ta fito a matsayin babban kududdufi mai fadama a tsakiyar gari, kusa da kasuwa. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zamanin Turawa: awo domin haraji da dogo

Turawan mulki sun kafa sansani a Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. Daga nan zanen taswira ya tashi daga hannun matafiya ya koma aikin gwamnati, kuma gwamnati ba ta awo don sha'awa. Buƙatarta ta farko haraji ce. Tun kafin zuwansu sarakuna na karɓar kuɗin garma a kan manomi, da kuɗin shuka a kan amfanin fadama irin su rake da taba da albasa, wanda ke nuna cewa tun can an san fadama daban take. Da aka tsara gundumomi aka tura hakimai su zauna a ƙasashensu, sai Di'o ya riƙa zagayawa a kan doki, yana ƙidayar gidaje, yana auna gonaki, yana haɗa rahotonsa da ɗan zanen gunduma mai nuna ƙauyuka da hanyoyi da rafuka. Irin waɗannan rahotanni na Lardin Zazzau suna ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Buƙata ta biyu ita ce layin dogo. Dogon da ya taso daga Baro ya bi ta Zariya ya isa Kano a 1911, ya ratsa ƙasarmu ta Likoro da Gimi. Injiniyan dogo babu abin da yake gudu kamar fadama, domin kowane rafi gada ne, kowace gada kuɗi ce. Saboda haka sai da ma'aikatan safiyo suka auna tudu da kwari taki-taki kafin a shimfiɗa ƙarfe ɗaya.

Kurmi da ƙudan tsando

Abin da matasanmu za su fi mamaki shi ne jin cewa rafukan ƙasar nan a da cikin kurmi suke. Gaɓarsu cike take da manyan itatuwa da sarƙaƙiya, inuwa ba ta yankewa. Wannan inuwa mai laima ita ce gidan ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga dabbobi. Wurin ɗiban ruwa da wanki da mashaya, nan ne ƙudan ke jiran mutum.

Tarihin Gimi ya isa misali. A shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya 'yan mishan sun kafa zango a can, kuma marubuta tarihi sun danganta shigowar injin matse rake na ƙarfe, wanda doki ke juyawa, da wannan zango. Sana'ar mazarƙwaila ta kafu ta yaɗu, musamman a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da sukarin waje ya yi wuya, amma shi zangon ciwon barci ya ɗaiɗaita shi cikin 'yan shekaru. Fadamar da ta ba da rake ita ce ta ba da cutar.

Da annobar ta tsananta a Lardin Zazzau, sai gwamnati ta ƙaddamar da shirin Anchau a 1937, wanda masanin ƙwari Dokta T. A. M. Nash ya jagoranta. An ware yanki mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, aka bi rafukansa ɗaya bayan ɗaya aka zana su, aka sare itatuwan gaɓarsu na tsawon ɗaruruwan mil, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai, ciki har da garin Takalafiya. Kowace shekara kuma talakawa kan fita aikin gayya su sake sassabe abin da ya tsiro. An buga rahoton shirin a 1948.

An ci nasara a kan cutar, kuma babu mai hankalin da zai yi fatan dawowarta. Amma kowane magani da ɗacinsa. Saiwoyin itatuwan nan su ke riƙe gaɓa, inuwarsu ke hana ruwa saurin ƙafewa. Da sara ya zama al'ada, ga kuma jama'a na ƙaruwa ana neman gona da itacen girki, sai gaɓar rafi ta zauna tsirara har yau.

Taswirar da aka ɗauko daga sama

Taswirorin da suka fi amfani gare mu su ne na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1946 Ingila ta kafa hukumar safiyo ta musamman domin ƙasashen da take mulka. A shekarun 1950 da na 1960 jiragen sama suka riƙa shawagi a kan Arewa suna ɗaukar hotuna a jere, yawanci da rani lokacin da babu girgije. Daga hotunan nan, tare da awon da ma'aikata suka yi a ƙasa, wannan hukuma da ofisoshin safiyo na Tarayya da na Jihar Arewa suka fitar da taswirori masu nuna tudu da kwari.

An yanka Nijeriya gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 55 a kowane gefe, aka ba shi lamba da sunan babban garinsa. Takarda ta 102 ita ce ta Zariya, kuma garin Maƙarfi a cikinta yake. Ta 103 da ke gabas da ita sunan Ikara take ɗauke da shi. Kowace an sake raba ta huɗu a ma'aunin 1:50,000, wato santimita 2 a takarda daidai yake da kilomita 1 a ƙasa. Mu da muka bi ta kwalejin horon malamai, a kan irin waɗannan takardu muka koyi karatun taswira, da zare da rula, kafin mu koyar da su a aji.

Karatunsu ba shi da wuya. Shuɗin layi ruwa ne, kuma akwai bambanci tsakanin alamar kogin da ba ya ƙafewa da ta rafin damina. 'Yan alamomi masu kama da tushen ciyawa suna nuna fadama ko wurin da ruwa ke kwanciya. Jajayen layuka masu lanƙwasa kuwa suna nuna tsayin ƙasa, tsakanin kowane biyu ƙafa 50. Inda suka matsu da juna akwai gangare, inda suka ware fili ne shimfiɗaɗɗe. Inda kuma suka lanƙwashe kamar bakin kibiya, to kwari ne, kuma kibiyar tana nuna inda ruwa ke fitowa. Ko da rafi ya ɓace a ƙasa, waɗannan layuka suna nan suna faɗin cewa nan hanyar ruwa ce.

A daidai wannan zamani ne masu bincike na Samaru suka fara auna darajar fadama da alƙalami. A 1966 zuwa 1967 David Norman da abokan aikinsa sun bi manoman ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau shekara guda cur, wato Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka ta ƙasar Kudan. Sun tabbatar da abin da iyayenmu suka sani, cewa fadama kaɗan ce a cikin ƙasar noma, tana cin aiki mai yawa, amma abin da eka ɗaya ke bayarwa ya ninka na tudu.

Abin da ya sauya

Idan aka ɗora taswirar shekarun 1960 kusa da hoton tauraron ɗan'adam na yau, wanda kowa ke iya buɗewa a wayarsa, tarihin shekara sittin zai fito fili. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun tura mutane cikin fadama neman abin da tudu ya hana. Daga shekarun 1980 injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse ta fadama suka kori jigo, kuma shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa daga farkon shekarun 1990 ya ƙara yaɗa su. An samu alheri mai yawa, noman rani ya tsayar da matasa da dama daga tafiya cin rani. Amma jigo guga-guga yake ɗiba, inji kuwa zuƙa yake yi. Aka nome har bakin ruwa, ƙasar tudu ta zaizayo ta cike kwari da yashi, burtali ya tsuke, mashaya ta zama lambu. Rigimar manomi da makiyayi da yawa daga nan take farawa.

'Yan'uwa mazauna birane sun ga irin wannan da idonsu. Jakarar da Barth ya zana, an matse ta cikin magudanar siminti, an shimfiɗa titi a kan wani sashenta, an cike kududdufan Kano da dama an yi gini, kuma duk damina unguwanni na kwana cikin ruwa. A Legas, tsofaffin taswirori sun nuna yawancin Lekki dausayi ne da ƙoramu. An rushe Maroko a 1990, aka yi ta cike fadama da yashi ana gina manyan gidaje, ga shi ruwa na shiga har falo. A arewa maso gabas, bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara da ke rayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Tafkin Chadi da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, kafin tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. A duk waɗannan wurare, tsohuwar taswira da tsohon hoto su ne ma'aunin da masana ke komawa gare shi domin sanin abin da aka rasa. Ambaliyar 2012 da ta 2022 kuma sun tuna wa ƙasa baki ɗaya cewa ruwa ba ya manta hanyarsa, ko an shekara hamsin an toshe ta.

Abin da taswira ba ta rubuta ba

Duk da haka, kada mu ɗauki taswira tamkar ba ta da giɓi. Hoton rani ba ya nuna iyakar ruwan Agusta. Wanda ya zana ta a ofis bai taɓa shan ruwan rafin ba, shi ya sa ƙananan rafuka da yawa suka fito babu suna, waɗanda aka sa wa suna kuma an rubuta su yadda kunnen baƙo ya ji, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Taswira ba ta san wace fadama ce ta gidan wane ba, ba ta san inda ake su idan ruwa ya janye ba, ba ta san gurbin da ba a bari yara su yi wanka ba, ko inda shanu ke sauka tun zamanin kakanni.

Wannan ilimi yana wurin dattawanmu maza da mata, da masu unguwanni, da ardon Fulani, da tsofaffin masunta da magina tukwane da suka san inda yumɓu yake. Takarda na da layi babu suna, dattijo na da suna babu layi. Takardar tana iya jira a ma'adana, shi kuwa dattijo kullum ƙara tsufa yake yi.

Shawarwari ga ƙungiya

Na farko, ƙungiya ta wakilta 'ya'yanta da ke Zariya da Kaduna da Abuja su nemo kwafin taswirorin yankinmu masu ma'aunin 1:50,000. Wuraren nema su ne Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar KADGIS mai kula da filaye a Jihar Kaduna, da Ofishin Babban Safiyo na Tarayya. A nemi rahotannin gunduma kuma a Ma'adanar Tarihi da Gidan Arewa.

Na biyu, da rani mai zuwa a haɗa ɗalibanmu na manyan makarantu da dattawa, da izinin hakimi da dagatai, su bi kowane rafi da ƙafa daga tushensa. A rubuta sunansa na asali da rubutun Hausa daidai, a sa alamar mashaya da burtali da tsofaffin rijiyoyi, a kuma naɗi muryar dattawan a waya.

Na uku, a yi kwafi uku na abin da aka tattara, ɗaya a fadar dagaci, ɗaya a makarantar firamare domin koyarwa, ɗaya a hannun sakataren ƙungiya. A fahimtar da kowa tun farko cewa wannan aiki na adana tarihi ne da kare hanyar ruwa, ba a yi shi don tayar da tsohuwar shari'ar gona ba.

Na huɗu, mu da ke aiko kuɗi daga birni a saya mana fili a gida, mu riƙa tambaya kafin mu biya: nan ruwa na kwanciya a da? Fili mai araha a bakin kwari, tsadarsa na nan tafe. Haka kuma duk aikin kwalbati ko hanya da ƙungiya za ta sa hannu a ciki, a duba tsohuwar taswira kafin a zuba siminti.

Na biyar, a roƙi masu gonakin bakin rafi su bar 'yan taku kaɗan daga gaɓa, ƙungiya ta samar musu da dashen mangwaro da gwaiba da ɗinya, yadda mai gona zai ci amfani, gaɓa kuma ta samu mai riƙe ta.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Takardun nan an zana su ne domin haraji da dogo da yaƙi da cuta, babu wanda ya zana su domin jikokin manoman Nasarawan Doya. Amma yau mu ne muka fi kowa buƙatarsu. Aikin bai fi ƙarfinmu ba, kuɗin mota ne da na kwafi da 'yan makonni na tafiya a ƙasa. Muna fatan taron shekara mai zuwa zai tarar da taswirar rafukanmu rataye a bangon makaranta, kowanne da sunan da iyayenmu suka kira shi da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara haɗa kanmu, amin.